Kumburin Ƙafar Safara'u

Unguwar Shanu, Kaduna
Yuli, 1977

Zuwa ga Gwaggo Hasiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida duk a Agege. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, amin. Mu nan lafiya lau. Baba yana zuwa ofis, damina ta zauna sosai, ni kuma na gama jami'a a Zariya na dawo gida, ina jiran a tura ni bautar ƙasa.

Kin dai ji ƙanwata Safara'u ta sauka, an sami namiji, an sa masa Ahmadu. Tana nan gida wankan jego, ƙanwarki Gwaggo Mero ce take kula da ita: tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa kuma ba ya yankewa. To, tun bayan suna ƙafafunta suka kumbura. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa bai taso da wuri ba. Ba ta iya kwanciya sai a jingine, daga ɗaki zuwa bakin rijiya ma sai ta tsaya haki. Na lallaɓa Baba muka kai ta asibiti. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaji, ya ba da magani, ya ce a daina kanwar, a rage zafin ruwan. Muna dawowa Gwaggo Mero ta ɗora tukunya.

Na zauna da ita cikin ladabi, ta ba ni hujjojinta. Ta ce sanyi ne ya shigi Safara'u, maganinsa a ƙara wuta. Na tambaye ta, in ta warke fa? Ta ce wankan ne ya yi aiki. In kuma jikin ya ƙara rikicewa? Ta ce wankan ne bai isa ba. Kin ga ke nan, ko me ya faru wankan ba zai taɓa yin laifi ba, kuma maganar da babu abin da zai iya ƙaryata ta, ban san yadda za a gane gaskiyarta ba. Ta ce likitan yaro ne, namiji, bai san naƙuda ba. Na ce haka ne, amma ba a kan naƙuda ya yi magana ba, ƙirjinta ya saurara. Ta yi dariya ta ce to 'yar boko, ke haihuwa nawa kika yi? Baba ya ce shi ba ya shiga sha'anin mata. Gambo mijin Safara'u kuwa kunya ba ta barinsa ya ɗaga kai a gidanmu.

Babbar hujjarta ita ce, ita da ke da dukan matan layinmu kun yi wankan nan, ga ku garau. Ban musa ba. Sai dai waɗanda suka tashi lafiya ne kaɗai suke nan suna ba da shaida. Wadda bai karɓa ba, wa zai tambaye ta? Ni ba likitanci na karanta ba, ba zan rantse cewa kanwa ce ta jawo ba. Abin da na sani, an ƙara ta, kumburin kuma ya hau har gwiwa.

Da ta ce in nuna mata mace ɗaya tak da wanka ya cutar, abin da ya zo bakina ban tabbatar da shi ba. An ce mini Innarmu ta rasu kafin ta yi arba'in ɗin Safara'u, ni lokacin ban yi wayo ba, Gwaggo Mero kuma tana aure a Katsina. Ke ce kika yi jinyarta. Don Allah Gwaggo, ƙafafunta sun kumbura? Tana iya kwanciya? In ba haka ba ne, ki faɗa mini, in cire wannan daga raina. In kuwa haka ne, kada ki amsa mini ni. Ki aiko wa Gwaggo Mero saƙo da bakinki ta hannun direban goron da ya kawo miki wannan, don maganarki kaɗai take ji. Kada ki jira gidan waya.

Ki gaishe mini da Baba Datti, da Ladi da yaranta, da Audi. Safara'u ta ce in gaishe ki, sai da ta huta a tsakiya kafin ta ƙarasa.

'Yarki,
Rahmatu Inuwa