Ki Ce Na Mutu

Sansanin 'yan Poland, Ingila
2 ga Nuwamba, 1947

Zuwa ga 'yata Lusia,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya karatu, yaya malamanku da sauran yaran? An ce mini a New Zealand ɗinku cikin zafi Kirsimeti yake zuwa. Ban yarda ba, amma tun da aka yi yaƙin nan na daina musu da duniya.

Ni ce Leokadia, mahaifiyarki, kuma ina nan da raina. Sau biyu ofishin neman waɗanda suka ɓata yana aika miki da tambaya, sau biyu amsa tana dawowa cewa yarinyar ta ce uwarta ta mutu a Uzbekistan. Ma'aikaciyar ta ba ni haƙuri, wai ƙila wata Lusiar ce daban. Ni kuwa da jin haka na san tawa ce, domin ni na sa miki maganar a baki.

Shekararki shida a lokacin, bari in tuna miki. Da aka sallame mu daga saran itacen dole a Siberiya muka gangara kudu zuwa Uzbekistan, ni da ke, babanki kuwa tun ranar da sojoji suka tafi da shi ba labari. Zazzaɓin ƙwarƙwata ya kama ni. Gidan marayun mutanenmu yana ba yara miya sau biyu a rana, kuma za a fitar da su zuwa Iran, amma marayu kaɗai ake karɓa. Kwana uku ina koya miki, ina tambaya kina amsawa, in kin yi kuskure in dungure ki. Na ce ko wa ya tambaye ki, ko da ya ce ni na aiko shi, ki ce na mutu. Kika ce har zuwa yaushe. Na ce har ranar da za mu sake karya oplatek tare, wato siririn farin burodin nan da muke rabawa ranar jajiberin Kirsimeti. Don ki yi shiru kawai na faɗa, ban sa ran ganin wani Kirsimeti ba. Na ajiye ki a ƙofar gidan, na laɓe bayan katanga, na ji kina faɗa musu tsaf, ko gargada babu.

Sai ga shi ban mutu ba. Na samu jirgin ruwa na fita, na shiga soja, aka damƙa mini babbar mota. Uwarki da ko keken doki ba ta taɓa korawa ba, ita ce ta yi jigilar harsashi da gari a duwatsun Italiya. Genia, abokiyar tuƙina, takan ce bakina ya fi ƙahon motar ƙara, kuma ba ƙarya ta yi ba. Yanzu ni da ita ɗinki muke yi, muna zaune a ɗakin kwano mai yoyo. Gida ba ya komuwa, an sake shata iyaka, ƙauyenmu ya faɗa wancan gefen.

Ba na neman ki ce na yi daidai. Shekara biyar ina juya abin a raina, yau in ce na cece ki, gobe in ce na yar da ke. Abin da ke ba ni tsoro shi ne a ce kin maimaita maganar har ta zama gaskiya a zuciyarki.

Ga oplatek cikin ambulan nan, wurin fada, limamin cocinmu, na samo. Na karya gefe na ci. Ki karya ki ci, ki maido mini da abin da ya rage. In kuwa ba ki so, ki bar shi, ba zan sake tura kowa ya dame ki ba.

Ki gaishe mini da malamanku. Allah ya tsare ki.

Mahaifiyarki,
Leokadia

14 ga Maris, 1948

'Yata Lusia,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da duk wanda ke kula da ke. Takardarki ta iso jiya. Oplatek ɗin ya sha hanya har ya zama gari. Genia ta ce in adana shi sai Kirsimeti, na ce ta adana shawararta. A tsaye na lashe shi, ko rigar aiki ban cire ba, sannan na zauna na yi kukan da ban yi ba a bayan katangar nan.

Kin rubuta cewa tun tambayar farko kin san ni ce, amma ba a karya oplatek ba, shi ya sa kika amsa yadda na koya miki. Kin ce kwana biyu ba ki ci abinci ba bayan haka. Ni na yi miki wannan, Lusia, ki yafe mini.

A ƙasan takardar kuma kin tambaye ni ko yanzu an yarda ki daina. An yarda, 'yata, ki daina. Ki je wurin malamarku ki ce a goge abin da aka rubuta a littafinsu, wai ke marainiya ce. Ki ce kina da uwa, sunanta Leokadia, tana da surutu, kuma ta riga ta shiga layin masu neman jirgi.

Mahaifiyarki,
Leokadia