Kada Ka Kunna Famfon Rijiya

Wendell,

Na tashi na tarar firji ya mutu, ga allurar sukarin Mama a ciki. Na'urar da ke rage wutar batura sai ƙara take yi. Na auna, lafiyarta ƙalau. Wutar da ke shigo mata ce ta faɗi, volt arba'in da ɗaya maimakon arba'in da takwas. Dusar ƙanƙara ta rufe farantan sola.

Mama ta ce, "Dama rana a nan Montana malalaciya ce."

Zan kai allurar gidan maƙwabciyarmu Loretta in sa a firjinta, in aro janareta. Kada ka kunna famfon rijiya, zai shanye 'yar wutar da ta rage a batura. Hau rufi ka share farantan, amma ka ɗaure kanka da igiya. Ba ni da ƙarfin jinyar mutum biyu.

Darlene