Dangwalin Baffa yana kan gadonki

Adda,

Na tafi Jahun, aikin safe nake da shi, ban so in tashe ki ba. Na ƙarasa kwashe ɗakin marigayi Baffa. Buhu biyun da ke zaure na zubarwa ne, mai shara zai zo da hantsi. Rediyo da tsohuwar fitila ki ba masu gwangwan.

Igiyar nan da kika cusa a buhu jiya na ciro ta. Na ji abin da kika ce: shekara ashirin ba mu da ko saniya ɗaya, kuma ɓera ya ci gefenta. Amma da na warware ta, sai na ga ai dangwali ne, igiyar da Baffa yake ɗaure maruƙa a jere a ruga. A maɗauri na uku akwai jan ƙyalle. Wurin maraƙar da ya ba ki ranar sunanki ne, wadda da kuɗin 'ya'yanta aka kai ki makaranta. Ya sha ba mu labarin.

Na ajiye shi a kan gadonki. In har yanzu zubarwa kike so, ki mayar da shi buhun da hannunki kafin mai shara ya iso. Ni dai na kasa.

Zulfa