Atishawar da Ba a Amsa Ba

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Baba, yaya yara? Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu.

Sai dai wata cuta ta shigo masana'antarmu. Duk wanda ya yi atishawa, mota ke zuwa ta ɗauke shi. Abokin ɗakina yau sati biyu ke nan katifarsa tana naɗe.

Ɗazu ina ɗinki atishawa ta kufce mini. Na ce Alhamdulillahi, na saurara kamar a gida. Ba wanda ya amsa. Kekuna suka tsaya, kowa ya ja kujerarsa baya, shugabanmu ya rubuta sunana.

Ƙurar yadi ce kawai, Inna, na tabbata. Amma in takardar nan ta iso, don Allah ki ce mini Yarhamukallahu, da ƙarfi.

Ɗanki.