Addu'ar da Ta Suɓuce Mini

Daren Juma'a, Ƙofar Ruwa

Barci ya ƙi zuwa. Shekara nawa ina yi wa maigidana faɗan kallon tanis, yau ga ni ina yi wa ɗan wasa addu'a. Tsohon nan ne mai ciwon gwiwa, wanda a da shi ne na ɗaya a duniya. Ina idar da La'asar bakina ya suɓuce: "Allah ka ba shi nasara."

Ashe Malam yana bakin ƙofa. "Hajiya, ɗan'uwanmu ne ban sani ba?" Har da ƙyaƙyatawa.

Ko addininsa ban sani ba, kuma a kan wasa! Jibi zai kara da matashin da ya ƙwace masa matsayin, Malam ya ce da wuya ya sha.

Na yi istigfari, amma gaskiya ban janye addu'ar ba.