Ƙafar Da Baba Ya Ɗora

Kaura Namoda, Litinin

Yaya Jafaru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da matarka Tasalla da Baba.

Na nuna wa likita hoton Baba da ka turo. Ya ce ciwon karkarwar nan, Fakinsin, shi ya sunkuyar da wuyan Baba har haɓarsa ke taɓa ƙirji, kuma wataƙila sabon maganin ya ƙara. Kada ku tsayar da shi da kanku. Ku riƙa gasa masa ƙeya da tsumma mai ɗumi, ya kwanta rigingine kan matashi marar tudu. Tasalla ta dinga ba shi kunu a zaune, kaɗan-kaɗan, don kada ya shaƙe. Kada kowa ya ɗaga kan da ƙarfi. Ka kawo shi ranar Alhamis.

Ƙanwarka,
Nazifa

Gurbin Bore, Juma'a

Nazifa,

Wa alaikumus salam. Ba mu iso ba.

Bayan Zurmi 'yan bindiga suka tare mu. Sun harbe Isah direba a kan sitiyari, jininsa har a rigata. Suka fiddo mu. Wani mai rawani ya ce wa Baba, “Tsoho, ɗago ka dube ni.” Na ce ciwo gare shi. Ya sa gindin bindiga ya fasa mini baki, sannan ya damƙi gemun Baba ya fizga sama. Ban taɓa jin Baba ya yi irin wannan ƙara ba. Sojoji ne suka ɓullo, 'yan bindigar suka watse.

Yanzu ko ruwa da ƙyar yake haɗiyewa. Jiya ya ce mini bai ga fuska ba, amma ya ga ƙafa: ta hagu, mai karkataccen idon sawu. Shi ya ɗora ta lokacin yana ɗori. Ɗan garinmu ne. Na roƙe shi sunan, ya ƙi.

Na karɓo bindiga wurin 'yan sa-kai. Ke kike taya Baba aikin ɗori a da. Faɗa mini ko ƙafar wa ce.

Jafaru

Kaura Namoda, Asabar

Yaya,

Sannu da wannan jarrabawa. Allah ya jiƙan Isah.

Na san ƙafar. Ni na riƙe ta ranar ɗorin. Ba zan faɗa maka ba. In ka tafi daji, Tasalla ba ta iya tayar da Baba ita kaɗai.

An ba shi gado a asibiti. Gobe akwai rakiyar sojoji daga Zurmi. Ka naɗe zane ka tallafe wuyan, ka zauna kusa da shi.

Ina jiranku a tasha.

Nazifa