Na Auna Nisan Garinku da Tsinken Tsintsiya

Zuwa ga ƙanina Sabi'u, malamin asibiti a can ƙurewar arewacin Kanada.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyi, ya baƙuntar da ta ƙi ƙarewa? Mutanen Kabo suna gaishe ka, har da waɗanda ba sa gane ka sai an ce autan Inna Hajara.

Tun da ka rubuto cewa garin da aka tura ka babu hanyar mota, sai jirgin sama, na kasa zama. Ka ce ba nisa, tashi ɗaya ne zuwa babban birnin kudu. Sabi'u, na san wannan muryar. Da ita nake ce wa mai saye a kasuwar Gwarzo dawar nan ta bana ce.

Sai na je firamarenmu na roƙi hedimasta taswirar duniya. Na karya tsinken tsintsiya daidai tsawon garinku zuwa birnin, na ɗora kansa a kan Kano. Wallahi har ya wuce Jidda. Hedimasta ya ce taswira tana miƙe ƙasashen sama, na rage kaɗan. Na gutsure masa kamar mai share kan mudu, duk da haka yana leƙen Bahar Maliya.

To, ka ba ni labari. Jirgin nan kullum yake tashi, ko sai ya cika kamar motar Kutama? In ƙanƙara ta hana shi sauka, me kuke ci? Tun da aka ƙaddamar da Shari'a kowa a rumfarmu ya zama malami, kuma kai ne darasinsu: mutumin da rana ba ta faɗuwa a garinsu, yaushe zai sha ruwa? Na ce musu zan tambayo mai azumin.

Kuskuren da na yi shi ne nuna wa Inna tsinken. Ta juya shi a hannunta, ta ce, “Wato sai ya yi tafiyar Makka guda kafin ma ya kama hanyar gida?”

Ka tuna lokacin tsuke bakin aljihu, albashin asibiti ya daina zuwa, kowa yana cewa kada ka tafi. Ita ce ta ce a ƙyale ka, duk inda mutum yake ai mota tana dawo da shi.

Ka kuma tuna ranar Baba. Da hantsi ya cika, kafin azahar an kai shi. Daga Kano kawai ka taso, amma ana ɗaukar makara ka sauka daga mota.

Inna ba a kwance take ba, kada gabanka ya faɗi. Sai dai tuwo ba ya wuce loma uku, kuma sallah a zaune take yi. Jiya ta kira ni ta ce idan ranarta ta zo kada a jira kowa, kada kuma a taso ka kana canza jirage don ka zo ka tarar da tabarmar gaisuwa. Ta fi so ka shigo tana iya amsa sallamarka.

Ka nemi hutu bana, ɗan'uwana, kafin damina.

Allah Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya sassauta maka sanyi, Ya ara wa Inna kwana har ka iso. Amin.

Yayanka,
Lawandi, Kabo